Ranar da Muka Tsaya a Gurbin Masu Tuta

Ranar Litinin ce a tsakiyar watan Agusta, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ina bayan gidanmu ina shanya zannuwan gado. Maigidana yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu. Maƙwabciyata, Hajiya mai man gyaɗa, ta leƙo ta kan katanga tana neman aron rariya. Mu uku ne muka fara ganin jirgin.

Ƙarami ne, mai launin ruwan ɗorawa, kuma ya yi ƙasa ƙwarai har ina iya ganin kan matuƙinsa. Ya bi ta kan gonar masarar da ke bayan gidajenmu, wani farin hayaƙi yana zuba daga ƙarƙashin fukafukansa.

"Ikon Allah!" in ji Hajiya. "Malama, yau Abuja ta zo mana har gida."

Kafin ta rufe baki iska ta riga ta kawo warin. Kamar kalanzir ne aka gauraya da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Na dubi zannuwan da na wanke da bula tun da asuba, sai na ga ɗigo-ɗigo kamar mai a jikinsu. Sannan na ji kofi ya faɗi. Da na juya, maigidana ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, numfashinsa yana fita da wani siririn sauti wanda na sani tun farkon aurenmu. Yana da ciwon asma. Ranar a asibiti muka wuni, muka kuma kwana.

Ya kamata in bayyana yadda muka samu kanmu a bakin wannan gona. Ni malamar makaranta ce, na yi ritaya ina shugabar wata firamare a cikin garin Keffi. Maigidana kuwa malamin asibiti ne, ya ƙare aikinsa yana ba da magani da ɗaure rauni. Yawancin zamanmu a gidan haya muka yi shi a Tudun Ƙofa. Bayan an ba mu jiharmu, Abuja kuma ta cika ta fara tura mutane waje, garin ya matse, sai muka sayi fili a gefen gari ta wajen Jigwada, muka gina ɗakuna uku. Mun zaɓi wurin ne saboda ƙirjin maigida, domin babu hayaƙin mota, babu na injin niƙa. Da muka tare, gidaje kaɗan ne. Kafin mu ankara wurin ya zama unguwa, da masallaci da majami'a da masu sammakon shiga motar Abuja. Gonar kuwa ta wani attajiri ce da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Tsakaninmu da masararsa hanya ce kawai ta ƙafa da kekuna, kuma katangar bayan gidana ita ce ta ƙarshe a kan wannan hanya.

A makarantar mishan aka rene ni, inda aka koya mana cewa kowane abu yana da wurinsa da lokacinsa, kuma kuka ma yana da ƙofar da ake kai shi. Saboda haka da muka dawo daga asibiti ban tsaya a titi ina zagi ba, kamar yadda wasu suka yi. Na je wurin mai unguwa. Ɗalibina ne a da, har yanzu idan ya gan ni yakan cire hannu daga aljihu.

"Mama, ba ke kaɗai ba ce," in ji shi. "Kajin mutane sun mutu. Wadda ta shanya kuɓewa ta zubar. Rijiyar masallaci a buɗe take ranar, sai da aka yashe ta."

"To me ka yi a kai?"

"Muna dai tunani."

"Tun kana aji huɗu kake tunani. Tashi mu je."

Muka tafi gonar, da shi, da liman, da fasto, da ni, da Hajiya wadda ba a gayyace ta ba amma ta riga kowa shiri. Manajan gonar matashi ne mai ladabi. Ya ba mu kujeru, ya ce tsutsa ce ta faɗa wa masarar, kuma gonar ta fi ƙarfin feshin hannu. Ya ce sau uku jirgin zai zo, mako biyu-biyu, kuma an gama magana da masu jirgin, shi ba shi da ikon sokewa. Don ya kwantar mana da hankali, ya bayyana mana yadda ake aikin. Samari ne ake jerawa a cikin gona, kowa riƙe da doguwar gora da aka ɗaura wa farin ƙyalle. Jirgi ya bi ta kan layinsu ya wuce, su matsa gaba su sake jeruwa, ya juyo ya sake bi.

"Daga sama matuƙi ba ya tantance komai," in ji shi. "Gona da gida duk kore ne da ja. Abin da yake nema shi ne farin layi. Inda ya ga fari a jere, nan yake bi. Mu kuwa can ciki muke fara jera su, nesa da ku."

"Iskar fa?" in ji Hajiya. "Ita ma ka ba ta tuta?"

Ya yi dariya, ya ce zai gaya wa maigidansa. Dukanmu mun ji abin da ya faɗa game da farin layi. Ina so a riƙe wannan.

Mun kuma kai kuka inda doka ta ce a kai. An karɓe mu da mutunci, an ce za a turo a duba. Kafin a turo, mako biyu sun cika. A feshi na biyu na rufe tagogi tun da asuba, na toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙun tsummoki. Bai hana ba. Warin ya kwana uku a cikin labule da katifa, kuma a daren na biyu leɓunan maigidana suka yi duhu. A wannan karon ya daɗe a asibiti. Likitan da ya sallame shi ya kira ni gefe ya ce zuciyarsa ta gaji da irin wannan kokawa, kada in bari ya sake shaƙar abin.

'Yarmu da ke aiki a Abuja ta ce a kawo shi wurinta. Ya ƙi.

"Ɗakinta ɗaya, janareto a bakin taga," ya ce. "Kina so ki cece ni daga hayaƙin jirgi ki kai ni na janareto? Uwargida, na gina gida don in zauna a cikinsa."

"Ka gina shi don ka rayu a cikinsa."

"To ki gaya wa mai jirgin."

Na san shi. Idan ya yi magana da wannan murya, an gama. Kuma a gaskiya bai yi ƙarfin da zai jure tafiya a cunkoson hanyar Abuja ba. Daga ranar na daina barci yadda ya kamata. Da rana ina aiki kunnena yana ɗaki. Idan babur ya wuce daga nesa sai in fita in dubi sama, ko da na san ranar ba ta zo ba.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Wasu matasa suka ce a ƙone masarar. Liman ya tsawata musu, ni ma na ƙara da nawa. Daga ƙarshe aka tsaya a kan abu biyu. Na farko, samarin da ke riƙe tuta 'ya'yan unguwar ne, ana biyansu a wuni. Iyayensu za su hana su fita. Idan babu tuta, a tunaninmu, babu feshi. Na biyu, mu duka za mu fito mu tsaya a kan hanyar da ke tsakaninmu da gonar, domin matuƙin ya gani da idonsa cewa akwai mutane a wurin, ya koma ya faɗa.

Sai mai unguwa ya ce, "Amma kada a fito kamar 'yan tarzoma. Kowa ya yi shiga ta mutunci, kada a ce 'yan iska ne suka taru."

Kowa ya yarda, ni ce ma na fi kowa yarda. A wurinmu kuwa shigar mutunci sananniya ce. Dattawan masallaci suka ce za su sa fararen kayansu na Juma'a. Matan zumunta na majami'armu suka ce za su sa farar riga da farin ɗankwali, irin na ranar babban taro. Hajiya ta ce tana da farin mayafin da ta zo da shi daga Makka, bai taɓa ganin ƙasa ba. Muka tashi muna jin mun yi dabara.

Ranar Litinin ɗin da za a yi feshi na uku na tashi tun kafin kiran salla. Na rufe tagogi kamar yadda na saba, na jiƙa tawul na ajiye masa a cikin kwano, na sa 'yar kwalbar shaƙarsa a hannunsa. Ban yi wanki ba, kuma tun ina yarinya ban taɓa tsallake wankin Litinin ina da lafiya ba. Na ɗauki usur ɗina na makaranta na rataya a wuya, don tara jama'a.

"Kin fito kamar za ki duba farcen 'yan makaranta," in ji shi.

"Kada ka buɗe ƙofa ko wa ya ƙwanƙwasa."

"Ko ke ce?"

"Ni zan yi magana."

Mutane sun fito fiye da yadda na zata. Har wasu ma'aikata sun bar motar farko ta wuce su. Da farko a cure suke, ana gaisawa. Sai fasto ya ce idan muka dunƙule wuri ɗaya daga sama za a ga kamar ba mu da yawa, gara a baje. Dattawan masallaci ba sa bukatar a koya musu sahu, nan da nan suka daidaita kafaɗa. Matan zumunta ma sun saba da jerin gwano. Ni kuma na bi layin daga kai zuwa ƙarshe ina gyarawa, ina cewa kowa ya miƙa hannu ya ba na kusa da shi tazara, kamar yadda nake yi a filin makaranta kowace safiya. Liman da fasto da manyan dattawa suna can kan layin ta gabas. Ƙarshensa kuwa ya zo daidai katangar bayan gidana. Da na koma tsakiya na duba hagu da dama, layin ya miƙe sarai, fari fat daga wannan kai zuwa wancan. Na ji daɗinsa. A cikin gonar babu tuta ko ɗaya.

Muka ji ƙararsa kafin mu gan shi. Ya zo a sama sosai, ya kewaya gonar, ya sake kewayawa.

"Yana neman yaransa!" wani ya ce, aka yi dariya.

Sai ya karkato ta wajenmu.

"Ya gan mu! Ku ɗaga hannu ya gan mu da kyau!"

Mata suka ɗaga fararen hankici suna kaɗawa. Hajiya ta kama gefen mayafinta tana fifitawa sama. Jirgin ya wuce ta kanmu, ya yi gabas har ya zama ɗan ƙarami. Wasu suka fara tafi, suna cewa ya koma. Ni ban daina kallonsa ba. Na ga ya jirkita fiffike, ya juyo, ya fara sauka ƙasa-ƙasa. Na taɓa tsayawa a bayan gidana ina kallon wannan juyi, na san abin da ke biye da shi. Hancinsa ya daidaita da kan layinmu, inda liman yake tsaye.

A lokacin ne maganar manajan ta dawo mini. Mun hana masu tuta fita, sannan muka sa fararen kaya muka tsaya a gurbinsu, muna ma kaɗa masa ƙyalle. Kuma ba can cikin gona muka ja masa layin ba. Mun ja shi a bakin gidajenmu, ya ƙare a kan rufin ɗakin da mijina yake zaune.

"Ku watse!" na ce. Ƙarar jirgi ta haɗiye muryata. Na kusa da ni suka dube ni suna murmushi.

Na sa usur a baki. A makarantata doguwar busa tana nufin a jeru, gajeru a jere kuma suna nufin a watse. Na yi gajerun da duk ƙarfin ƙirjina, na sake yi. Mai unguwa ne ya fara juyowa. Ya dube ni, ya dubi jirgin, ya dubi rigarsa, na ga fuskarsa ta canja.

"Mu ne tutar!" ya yi ihu. "Jama'a, mu ne tutar! Ku gudu!"

Ya kama babbar rigarsa ya tuɓe ta ta kai ya jefar. Hajiya ta cukuikuye mayafin Makka ta cusa a hammata, ta ja mata biyu suka faɗa cikin masara. Layin ya tsinke daga tsakiya. Wasu suka yi cikin unguwa, wasu suka kwanta a kwata, wani ma'aikacin banki ya tsallake katangar da ba tasa ba. Amma na kan layin dattawa ne, ba su ji ba, kuma ba masu gudu ba ne. Na ga farin hayaƙin ya buɗe a kansu.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a buɗe ba. Na dai ga yana tahowa ta kan hanyar, yana nufo ni, bayana kuma gidana ne. Ban gudu ba. Ba jarumta ba ce, ƙafafuna ne suka ƙi. Ina ta busa usur ɗin kamar matuƙin zai ji. Kafin ya iso inda nake, hayaƙin ya yanke. Jirgin ya ɗaga hanci, ya bi ta kaina da ƙarar da ta girgiza mini haƙora, ya haye rufin gidana babu abin da ke zuba daga gare shi.

Sai a lokacin ƙafafuna suka saki. Na yi gudu, ni da na yi shekara da shekaru ina hana yara gudu a baranda. Na buga ƙofa.

"Ni ce!"

Shiru. Na sake bugawa. Na kasa kunne ko zan ji wannan siririn sauti, ban ji komai ba, kuma rashin jin ya fi jin tsoratar da ni. Sannan na ji jan takalmi, sakata ta motsa. Yana tsaye da jiƙaƙƙen tawul a hanci, idanunsa a kaina. Na tura shi ciki na rufe ƙofar, na sa kunnena a bayansa kamar yadda ya koya mini. Akwai ɗan sauti, amma iska tana shiga har ƙasa.

"Na ji jirgin ya nufo ni kai tsaye," ya ce ta cikin tawul. "Me kuka yi masa?"

Na gaya masa a taƙaice. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tambaye ni wa ya jiƙe. Na ce liman da fasto da wasu dattawa.

"Koma yanzu. A tuɓe musu kayan, a wanke su da sabulu da ruwa mai yawa, har gashi da ido. Kada wanda ya taɓa kayan da hannu tsirara. Kada a ba su manja, kada a ba su madara, kada a sa su amai. A kai su asibiti, a kuma karɓo sunan maganin daga gonar a tafi da shi. Kuma ke ma ki canja wannan riga kafin ki sake shigo mini."

Da na isa, Hajiya ta riga ta kawo kwalbar manja tana neman cokali. Na karɓe ta daga hannunta.

"Malama, tun kakanni da shi ake karya guba!"

"Malamin asibiti ya ce a'a."

"Shi da ko fitowa bai yi ba?"

"Kawo bokiti, Hajiya."

Ta kawo. Maza suka kewaye dattawan da tabarmi a bakin rijiyar masallaci, aka wanke liman da fasto da sabulu ɗaya. Ina jin liman daga bayan tabarma yana cewa, "Fasto, yau dai an yi mana wanka tare, sai ka faɗa wa mutanenka ba ni na shiga naku ba." Fasto yana tari yana cewa shi ma a shaida bai yi alwala ba. An yi dariya, amma idanunsu sun yi ja, ɗaya daga cikin dattawan kuma yana ta zubar da yawu, hannunsa yana rawa. Shi ne ya fi daɗewa a asibiti. Har aka sallame shi ban samu natsuwa ba, domin ni na matsar da shi gaba da hannuna don ya daidaita da na kusa da shi.

Da yamma manajan ya zo ƙofar gidan mai unguwa, ba tare da an kira shi ba. Ya zauna a ƙasa. Ya ce matuƙin ya sauka yana cewa ya ga layi mai kyau fiye da na kullum, ya bi, sai ya ga tutoci suna gudu da ƙafafu. Matuƙin ya rantse ba zai sake tashi a kan wannan gona ba, kuma zai faɗa wa masu jirgin dalili. Manajan ya nemi gafara. Mai unguwa ya dube ni, sai na faɗi abin da muka zo da shi tun farko: ɓangaren da ke kusa da gidaje a yi masa feshin hannu, a ranar da babu iska, a kuma sanar da unguwa tun ana gobe. Ya ce zai kai maganar. Na ce ya kai ta a daren, domin ina da mara lafiya a gida.

Jirgin bai sake zuwa ba. Dattawan duka sun warke. Bayan 'yan shekaru aka yanka gonar fuloti-fuloti aka sayar wa ma'aikatan Abuja. Maigidana ya ga damina da yawa bayan wannan, kuma ya rasu a ɗakinsa, da wani ciwo dabam.